Igiyar Badun

Shekarar da Bawa ya dawo Gwandu, bayan ya yi shekara shida ba a san inda ya sa gaba ba, abu uku ya shigo da su gari: takalmi mai ƙara, tabarau mai tsagaggen ido guda, da wata igiyar rama mai ƙulli goma sha ɗaya. Takalmin bai ga kaka ba, tabarau ya bi shi. Igiyar ce ta zauna, ita ce kuma ta zame masa jari.

Kullum da la'asar, in an taru a gindin durumin bakin kasuwa, sai ya zaro ta daga aljihu, ya shimfiɗa a cinya kamar malami ya buɗe littafi.

"Wagga da kunka gani, Badun ce ɗungurungum," in ji shi. "Babban ƙulli ka yi dama, ƙarami ka yi hagu, daga tashar jirgi har Sabo, unguwar Hausawa. Don 'yan baya na ƙulla ta, kar ilimi ya bi ni kabari. Ni kaina ba ni bukatarta. A ɗaure min ido a jefa ni tsakiyar Badun, da ƙamshin miya kaɗai zan gaya maka unguwar da nike."

Wanda ya daɗe a waje yana da izinin ƙara wa labarinsa gishiri, ba a hana kowa wannan. Amma Bawa gishirin kaɗai ya zo da shi. Gaskiyar magana, ƙafarsa ba ta taɓa wuce Jebba ba. Can guzurinsa ya ƙare, can ya yi shekara shida yana tallar rake a tagogin jirgi, yana tsintar labarin Badun daga bakin fasinja kamar kaza a masussuka. Igiyar ma ba shi ya ƙulla ba. Wani mai raka shanu kudu ne, Albarka, mutumin Kalgo da ya daɗe da barin gida, ya ƙulla masa ita bayan Bawa ya yi kwana uku yana damunsa da tambayar hanya.

Ana nan, sai ranar wanka ta zo.

Bawa yana da kaka ta wajen uwa a Kalgo, sunanta Delu. 'Yar siririyar tsohuwa ce mai bakin reza, a ruga aka haife ta bayan Gwandu, ta yi ƙuruciyarta tana bin shanu kafin aure ya kai ta Kalgo. Ita ta reni Salamatu, 'yar kawun Bawa, wadda ta auri Usman mai fataucin goro suka tafi Badun. Tun ranar da aka ɗaura auren Delu ta turke wani farin rago, ta rantse ba wani da za a yanka wa ɗan farin Salamatu sai shi. Shekara biyu tana ɗura masa dusa da harawa da kanwa, tana wanke shi da sabulu, har ya yi fari tas kamar rigar liman ranar idi.

Ran wata Lahadi sai ga masinja a kan keke daga Birnin Kebbi da takardar waya. Aka karanta mata: Salamatu ta sauka lafiya ranar Alhamis, namiji. Suna Alhamis mai zuwa. Za a jira ragon Inna har azahar, in bai iso ba a yanka na Badun. A tsaya a tasha, za a aiko mai tarya.

"Na Badun?" in ji Delu. "Ina da rai?"

Maƙwabta suka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ga jikanki can Gwandu da Badun a aljihu. Aka aika. Bawa ya iso da magariba ya tarar rabin unguwa na jiransa a ƙofar gida. Ya fara cewa geronsa ya isa yanka. Aka ce za a yanke masa. Ya ce ƙafarsa ta hagu tana ɗan yi masa tsami. Aka ce ai a mota za a tafi.

"Maigida," in ji Delu, don haka take kiransa irin na wasan kaka da jika, "ko dai Badun ɗin ce ba ka son ta gan ka da tsohuwar mata?"

Mutane suka yi dariya. Bawa ya dubi fuskokinsu, ya ga ba ƙofar fita, sai ya buga ƙirji.

"Amarya, ɗaura ɗankwalinki. Kafin hantsin Alhamis kina zaune gaban Salamatu kina shan kunu. In ba haka ba, a canza min suna."

"Mun ji," in ji maƙwabta. "Mun kuwa riƙe."

Litinin da asuba suka hau motar kaya, Delu da ƙunshin daddawa da ƙwaryar man shanu na mai jego, Bawa da akwatin gwangwani, rago a tsakani. Suka bi ta Jega, suka bi ta Yawuri. Direba ya ce gara su hau jirgi a Jebba. Bawa ya yi tsalle ya dire, ya ce jirgin Jebba na ƙananan mutane ne, shi a Zungeru yake hawa. Direba ya ce ai jirgi ɗaya ne. Bawa ya ce wannan maganar direban mota ce.

Amma jirgi ba ya tsallake Jebba don kunyar kowa. Ranar Laraba da yamma ya ja birki a tashar, masu talla suka yo ca a tagogi. Bawa bai ankara ba sai ya ji wata murya da ya sani tana cewa, "Kai, wancan kamar Bawa Mai Rake!"

Nan take ya ja babbar riga ya rufe kai, ya duƙunƙune a ƙasan benci.

"Lafiya?" in ji Delu.

"Zazzaɓi," in ji riga. "Iskar kogin nan ba ta yi da ni."

"Wa ke kiran Bawa Mai Rake?"

"Bawa ɗaya ne a duniya?"

Jirgi ya yi kusan sa'a guda a tsaye, Bawa bai leƙo ba. A cikin wannan sa'ar rago ya hango ganyen rake a taga, ya fizge, tsohuwar igiyarsa ta tsinke. Delu ta duba hagu ta duba dama, sai ta ga bakin wata igiya yana leƙowa daga aljihun mai zazzaɓi. Ta zare ta a hankali ta ɗaure abinta.

Sai da suka sauka a Badun da sassafen Alhamis Bawa ya laluba aljihu ya ji wayam. Ya waiga ya ga Badun ɗungurungum a wuyan rago.

"Tsohuwa! Mi kinka yi?"

"Igiya na gani na ɗaure dabba. Ƙulle-ƙullen suna cin wuyansa sai na kwance huɗu. Da na tuna taka ce na mai da su. Har na ƙara maka biyu kyauta."

Bawa ya ƙirga. Goma sha uku. Gumi ya karyo masa tun rana ba ta ɗaga ba.

Delu ta shimfiɗa zane a gefen tasha, ta ce to a jira mai tarya. Nan ne Bawa ya yi lissafinsa. Duk mutumin Sabo ta Jebba yake wucewa, kuma da wuya a sami wanda bai taɓa sayen rakensa ba. In mai tarya ya zo, asiri ya tonu tun a tasha. Amma in shi ya kai su ƙofar gida da kansa, sai ya ce yana da manyan abokai da zai gaisar, ya sulale.

"Ni za a tara a Badun?" ya ce. "Kina so garin ga ya yi min dariya? Tashi. Sabo ga ta nan bayan kwanon can."

Suka fita, yana riƙe da igiyar ta tsakiya don ya ja rago ya kuma karanta hanya. Ƙullin farko babba ne, wato dama. Sai dai igiya ta ce dama, ba ta ce a ina ba, ga shi kuwa tituna sun fi ashirin kowanne da damarsa. Bawa ya zaɓi wanda ya fi faɗi. Bai yi taki ɗari ba titin ya haɗiye su ya tofar a tsakiyar wata kasuwa da ta fi Gwandu da Kalgo a haɗe.

Rago bai taɓa ganin ganye da yawa haka a tire ba. Kafin a ce kwabo ya share tiren wata mata mai ganyen miya, ya sa baki a na maƙwabciyarta. Matan suka miƙe da ɗaurin kai kamar hasumiya, suna tafa hannu suna ihu, "Gambari! Gambari!" wanda shi ne sunan da Yarabawa ke kiran kowane Bahaushe.

"Kin ji ko?" in ji Bawa. "Sarautar da sunka naɗa ni ce tun zamana na farko. Ba su manta ba."

"To Gambari, yi musu magana kafin su naɗa ka da muciya."

Bawa ya gyara murya. Duk Yarabancin da ya tara a shekara shida kalma uku ne, su ne kiran tallarsa: rake, kwabo ɗaya. Ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi, "Ireke! Kobo kan!"

Kasuwa ta yi tsit. Wata yarinya ta kwance bakin zane, ta miƙo masa kwabo, tana leƙen bayansa ta ga inda ya ɓoye raken.

"Gaisuwa ce," in ji Bawa. "Talaka ba ya zuwa gaban mai sarauta hannu sake."

Delu ta ture shi gefe. Ta kwance ƙunshinta ta ɓallo daddawa uku ta miƙa wa mai ganye. Matar ta sansana, fuskarta ta sake, ta dafa kafaɗar Delu, ta nuna wani titi da hannu tana cewa, "Sabo, Sabo."

"Ta ce can ne," in ji Delu.

Bawa ya shafa igiya. Ƙulli na biyu ƙarami ne. "Mai tallar ganye za ta gwada min Badun? Wancan Sabon na baƙi ne. Hagu za mu yi."

Hagu ta kai su wata mararraba inda tituna huɗu suka haɗu, motoci da kekuna na shiga juna kamar tururuwa. A tsakiya ga ɗan sanda tsaye a kan dandamali, da farar safa a hannu. Yana hango su sai ya miƙa hannu gabas.

Bawa ya washe baki. "Allahu akbar! Ya gane ni. Ga shi yana gwada mana hanya tun ban tambaya ba."

Suka nufi gabas, mota ta yi ƙara ta tsaya gab da ragon. Ba su kai gefen titi ba Bawa ya waiga don ya yi godiya, sai ya ga hannun ya koma arewa.

"Ya tuna gajeriyar hanya. Juyo!"

Suka juyo. Mai keke ya faɗa kwata da buhun barkono. Suna tsakiyar titi hannun ya nuna yamma.

"Maigida," in ji Delu, "abokin naka ko dai shi ma baƙo ne?"

Sau huɗu suka ratsa mararrabar. A na biyar ɗan sandan ya busa usur, ya tsai da motocin duniya gaba ɗaya, ya sauko, ya kama Bawa ta wuyan riga da hannu ɗaya, rago da ɗaya, ya tsallakar da su kudu, ya yi musu nuni da su tafi kar ya ƙara ganinsu.

"Kin gani da idonki," in ji Bawa yana gyara riga. "Ko Bature Razdan ba a tsai da wa motoci haka."

Daga nan ƙulli ya bi ƙulli. Na biyar ya kai su bayan wata makaranta, na shida ya kai su wurin masu sassaƙa akwatin gawa, na bakwai ya dawo da su gaban ɗan sandan nan, wanda da ganinsu ya sa usur a baki, suka juya da gudu. Delu takan tsaya lokaci-lokaci ta auna inuwarta da tafin ƙafa, yadda ake yi a daji in ana kiwon lokacin salla.

"Taki biyar ta rage."

"Inuwar Badun gajeriya ce tun asali," in ji Bawa.

Sai ya hango wani tudu da katafaren gini mai ginshiƙai a kansa. Dabara ta faɗo masa. A gida in mutum ya ɓace a daji kuka yake hawa ya hango rumbunan garinsu. Suka hau tudun, Delu na haki, rago na tirjiya. Da suka kai ƙoli Bawa ya sa hannu a goshi ya duba. Gabas rufin kwano, yamma kwano, kudu da arewa kwano, duk ja da tsatsa, sun hau tudu sun gangara kwari har inda ido ya gaji. Ba kuka, ba rumbu, ba gona ko ɗaya da za a ce gari ya ƙare a nan.

"Ga Sabo can," ya ce, yana yawo da yatsa.

"Wanne?"

"Mai jan kwanon."

Delu ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta auna inuwa. "Taki uku."

Suka gangaro ta wani lungu da ya yi ta matsewa har ya zama zaure, zauren ya zama tsakar gida. A Badun haka hanyoyi suke, ta cikin gidajen mutane suke ratsawa. Tsakar gidan cike take da manyan tukwane jere a ƙarƙashin rumfa, kowace ta kai ƙugun mutum, an rufe da faifai. Mata suna can gefe suna shanya.

Delu ta ja hanci. "Warin baba nika ji. Wagga marina ce."

Bawa ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi dai ya san marina: rami ne a ƙasa, maza ne a bakinsa da dogayen sanduna. "Marina a tukunya? Mata na rini? Haba amarya, ƙauyanci ya yi yawa. Randunan baƙi ne. Bayarabe ba ya barin matafiyi da ƙishirwa. Bari in shayar da dabbar ga, ni ma in ɗan wanke fuska kafin mu shiga Sabo."

Ya ɗage faifai, ya ɗaga ƙafafun rago na gaba ya ɗora a bakin tukunya. Rago ya leƙa, wari ya bugi hancinsa, ya zabura. Igiya ta naɗe ƙafar Bawa. Tukunya ta yi gaba, ta yi baya, ta yanke shawara. Abin da aka ji kawai shi ne ɓam, sai ga Bawa da rago a kwance cikin tafki guda, kasko a kan Bawa kamar malafa.

Suka miƙe kore shar, irin koren gansakuka.

"Ruwa ne," in ji Bawa yana tofarwa. "Ya ɗan kwana ne kawai."

Amma baba ba ya nuna halinsa sai ya sha iska. Matan suka taru, Delu ta riƙe haɓa, kowa na kallo, koren nan ya fara juyawa a gaban idonsu. Ya yi duhu, ya ƙara duhu, har farin ragon da aka yi shekara biyu ana wankewa da sabulu ya koma shuɗi kamar rawanin Buzu. Bawa kuwa daga hula har ƙafa, idanu da haƙora kaɗai suka tsira.

Mai marinar ta buɗe baki za ta yi bala'i, dariya ta riga ta. Ta zauna a ƙasa tana bugun cinya. Bawa ya ɗaga hannu zai yi Yarabanci.

"In ka ce ireke," in ji Delu, "na rantse da kabarin kakanka a nan zan bar ka."

Ta sauke ƙwaryar man shanun mai jego, ta ajiye gaban matar a madadin tukunya, ta karɓe igiyar daga hannun Bawa, ta ɗora masa akwati a ka. Da suka fito titi ta tsaya ta dube shi.

"Bawa." Yau ba maigida. "Dubi idona. Ka san garin ga?"

"Na san shi sarai. Sai dai sun sake masa gini bayan tafiyata. Kuma ke kinka ɓata igiya."

Delu ta auna inuwa. Taki ɗaya da rabi. Ta tuna Salamatu tana ɗaki tana sauraren ƙofa, ta tuna wuƙa a wuyan wani ragon da ba ta san uwarsa ba, idonta ya kawo ruwa. Ta sunkuyar da kai don kar Bawa ya gani. Sunkuyawar nan ce ta cece su.

"Hoɗijam!" ta ce.

A gefen titi ga kashin shanu, faffaɗa, ɗanye. Ta tsuguna ta tona shi da tsinke kamar mai duba.

"Wanga na shanunmu ne. 'Yan gajerun shanun ƙasar ga ba su yin irinsa. Na safiyar yau ne, ko ɓawo bai yi ba. Ga wani can. Ga kofato ya nufi arewa. Garke ne anka sauke daga jirgi." Ta miƙe. "Inda shanu sunka kwana, can mutanenmu suke. Biyo ni."

"Haba tsohuwa, a birni kamar Badun mu bi kashi?"

"Tun safe muna bin ka. Bari mu gwada wanga."

Haka suka ratsa Badun: tsohuwa a gaba ido a ƙasa, shuɗin rago a tsakiya, shuɗin mutum a baya da akwati. Masu shaguna suka fito, masu keke suka sauka suka bi su, aka yi jerin gwano kamar ana rakiyar amarya. Suka wuce kasuwar ɗazu, mai ganye ta gan su ta ɗora hannu a ka, don titin da ta nuna musu tun da safe shi kashin ya bi. Can sai warin turke, sai kukan shanu, sai wani ya ce da Hausa garau, "La ilaha illallahu, wannan mutum ne ko aljan?" Delu ba ta taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

A ƙofar gidan Usman an yi rumfa, maza sun cika tabarmi tun safe, goro ya zagaya sau uku. Wanda aka aika tasha ya je ya dawo ya sake komawa. Liman ya dubi inuwar bango ya ce to, an yi iyakar haƙuri. Mahauci ya kayar da wani ɗan guntun ragon Badun mai gajerun ƙafafu, kamar an zauna masa a kai tun yana ƙarami, ya zaro wuƙa.

"Ku dakata!"

Taro ya waiga. Delu ta ratsa maza ba sallama, ta miƙa igiya a hannun Usman, sa'an nan ta tsuguna ta gai da liman.

"Inna," in ji Usman, "an ce mana fari ne."

"Fari ne, ɗana. Daga ciki."

Aka fara gardama. Wani ya ce bai taɓa ganin an yi suna da rinannen rago ba. Wani ya ce naman zai yi ɗaci. Liman ya tashi ya duba idon ragon, ya buɗe haƙora, ya shafa ƙaho, ya sa aka ja shi ya taka.

"An hana gurgu, an hana makaho, an hana ramamme da mara lafiya," ya ce. "Ban ga inda anka ambaci shuɗi ba. Bismilla."

Aka saki na Badun, aka kayar da na Kalgo. Liman ya yi addu'a, aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an samu Haruna, Allah ya raya. Guɗa ta tashi daga cikin gida, ladan ya kira azahar a kan guɗar. Delu ta shiga wurin jikarta ba ta ko waiwayi Bawa ba.

Da mai hankali ne, da nan ya sulale yadda ya shirya. Amma Bawa ya lura da wani abu: a cikin wannan shuɗin ko uwarsa ba za ta gane shi ba. Ga taro, ga kunnuwa. Bayan salla ya tsinci igiyarsa inda mahauci ya yar, ya tsaya tsakiyar rumfa.

"Jama'a, kar ku ga mun makara ku zarge ni. Shekara shida na yi a garin ga. Wagga igiya, ni na ƙulla hanyar Sabo a jikinta ƙulli-ƙulli. Tsohuwa ce ta kwance min ilimi ta ɗaure dabba da shi. Ba don haka ba, da tun hantsi..."

"Miƙo igiyar ga in gani."

Wani dogon mutum ne da sandar kiwo a kafaɗa, yana zaune a bakin tabarma. Ya karɓa, ya juya ta, ya dubi bakin da aka naɗe da jan zare. Sa'an nan ya matso ya leƙa fuskar Bawa kamar mai leƙen rijiya.

"Yi magana in ji."

Bawa ya ja da baya yana neman hanyar fita.

"Ce ireke."

Dariya ta fara daga baya, don rabin rumfar sun taɓa miƙa kwabo ta tagar jirgi.

"Bawa Mai Rake na Jebba! Ni ne Albarka. Jama'a, igiyar ga aikina ce. Kwana uku yaron ga yana bina a tasha, in gaya masa hanyar Sabo, in gaya masa hanyar Sabo. Ni kuwa ban taɓa ƙirga kwanar titi ba, bayan shanu nika bi. Da ya hana ni cin abinci sai na ƙulla masa hanyar da na fi sani a duniya don in huta."

"Wace hanya?" in ji liman.

"Daga kasuwar Kalgo zuwa gonar babana a Diggi."

Rumfa ta kife da dariya. Mahauci ya ajiye wuƙa don kar ya yanke kansa. Mata suka leƙo ta zaure, Salamatu ta aiko a gaya wa taubashinta tana gaishe shi, amma don Allah kar ya shigo, jariri bai yi ƙwarin ganin irinsa ba. Delu ta fito da Haruna a kafaɗa, ta sa aka maimaita mata labarin tun daga farko. Ta karɓi igiyar ta bi ƙulle-ƙullen da yatsa.

"Maigida, ka yafe ni," ta ce. "Ashe laifina ne. Da ban taɓa ta ba, da yanzu muna Diggi."

Labari ya riga su isa gida, don masu raka shanu sun fi takardar waya sauri. Maƙwabtan Delu ba su manta da alkawarin canza suna ba, suka tare shi a bakin motar Kalgo da sabon suna a shirye, Gambarin Diggi. Igiyar kuwa Delu ta riƙe abinta, ta turke sabon ɗan rago da ita, ko Salamatu za ta ƙara.

Shuɗin baba ya yi wata biyu kafin ya bar faratan Bawa. Ranar da ya koma gindin durumin Gwandu, ya zauna, ya ɓoye hannu a riga, ya jira aka gama dariya.

"Ku yi ta yi," ya ce. "Amma duk ƙasar ga ba wanda ya taka Badun da ƙafarsa kamar ni. Kasuwarta, tudunta, marinarta, har cikin gidajen mutane na shiga."

Karo na farko ke nan da ya faɗi gaskiya a kan Badun. Ba wanda ya yarda.